Akwai Maganin Da Zai Kare Jikin Baba Daga Illar Gashin Ciwon Daji?

Tambaya

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaisuwa da fatan alheri. Mahaifina yana da shekara 61, likitoci sun gano ciwon daji a bayan hancinsa ta can saman maƙogwaro. Sun ce za a yi masa gashi da na'ura na tsawon sati bakwai, a haɗa da ƙarin ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. Wani abokin aikina ya ce gashin yana ƙona lafiyayyen nama tare da mai ciwon, amma Turawa suna da allurar da ke kare lafiyayyen. Sannan wata mata ta kawo mana kwalaben bitamin masu tsada, ta ce su ne garkuwa. Don Allah mene ne gaskiya, kuma me ya kamata mu saya? Daga ɗanki a unguwar Kusugu, Daura.

Amsa

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Allah Ya saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi. Wasiƙarka ta taɓa ni, don na taɓa zama a inda kake zaune yanzu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, an yi masa irin wannan gashi a wuya, ni ce na riƙa raka shi. A lokacin na shekara da dama ina aikin magunguna, amma sai da na zauna a kan benci ina jiran a fito da shi na fahimci abin da littafi bai gaya mini ba.

Abokin aikinka ya faɗi gaskiya, allurar tana nan. Sunanta amifostin, ana sayar da ita da sunan Ethyol. Amma kafin na gaya maka amfaninta da iyakarta, bari mu duba yadda gashin yake aiki, don idan ka gane wannan sauran maganar za ta zo maka da sauƙi.

Na'urar gashi tana harba wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, sai dai ya ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Jikin mutum galibinsa ruwa ne. Idan hasken ya ratsa ruwan da ke cikin ƙwayar halitta, sai ya farfasa shi zuwa wasu ɓarɓashi masu tsananin ɓarna, waɗanda ba sa ko daƙiƙa ɗaya a raye, amma kafin su mutu sun tsinka zaren gadon da ƙwayar ke dogara da shi wajen hayayyafa. Kusan kashi biyu cikin uku na ɓarnar da irin wannan haske ke yi ta wannan hanyar take zuwa. Ƙwayar daji ba ta iya gyara kanta da kyau, sai ta mutu. Lafiyayyar ƙwaya ta fi ta iya ɗinke ɓarakarta idan an ba ta lokaci. Shi ya sa ba a yin gashin a zama ɗaya. Ana rarraba shi kaɗan-kaɗan, kwana biyar a sati, zama 33 zuwa 35 a irin ciwon Baba, don lafiyayyen nama ya samu dare ya huta ya gyaru.

To, tun 1949 wani masani a Amurka mai suna Harvey Patt ya nuna cewa idan aka ba ɓeraye wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, wato sistin, kafin a haska su, da yawansu suna tsira daga adadin hasken da ke kashe 'yan'uwansu. Sinadarin yana tare ɓarɓashin nan ne kafin su isa zaren gado. Zamanin tsoron bam na nukiliya ne, saboda haka sojojin Amurka suka ɗauki maganar da gaske. Cibiyar bincikensu ta Walter Reed ta gwada sinadarai sama da 4,000 tana neman wanda zai kare soja a fagen yaƙi. Wanda ya fi fice a ciki aka ba shi lamba WR-2721, shi ne amifostin. Soja bai amfana da shi ba, don yana sa amai da jiri, kuma sai ta jijiya yake aiki sosai. Masu ciwon daji ne suka gaje shi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995 don kare ƙoda daga wani maganin kemo, sannan a 1999 don rage bushewar baki ga waɗanda ake yi wa gashi a kai da wuya bayan tiyata.

Tambayar da duk mai hankali zai yi ita ce: idan yana kare lafiyayyar ƙwaya, me zai hana ya kare ta dajin? Ka ɗauka manomi ne zai yi feshin maganin ciyawa a gonar gero, sai ya ce bari ya rufe geron da buhu. Idan buhun ya rufe har da ciyawar, an yi asarar kuɗin feshi. Hikimar amifostin ita ce yana shiga jiki a kulle, sai wani sinadari da ke jikin bangon ƙananan jijiyoyin jini ya buɗe shi. Lafiyayyen nama yana da wannan mabuɗi da yawa, kuma jini yana zagaya shi da kyau. Ƙarin daji jijiyoyinsa a hargitse suke, mabuɗin kaɗan ne a cikinsa, don haka maganin yana riga shiga lafiyayyen nama. Dalilin da ya sa lokaci ke da muhimmanci ke nan: ana yin allurar minti 15 zuwa 30 kafin kowane zaman gashi. Kowane zama, ba sau ɗaya ba.

A babban gwajin da aka buga sakamakonsa a shekarar 2000, wanda ya ƙunshi marasa lafiya kusan 300, matsananciyar bushewar baki a lokacin gashi ta sauka daga kashi 78 cikin ɗari zuwa 51 ga waɗanda aka yi wa allurar. Bushewar da ke zama bayan shekara ta sauka daga 57 zuwa 34. Ba a ga alamar ya rage nasarar kashe dajin ba. Wannan ci gaba ne na gaske, amma ka lura, ko da allurar, mutum ɗaya cikin uku ya zauna da bushewar baki. Kuma ga nata wahalar: tashin zuciya, amai, faɗuwar jini farat ɗaya har mutum ya ga duhu, atishawa, wani lokaci ƙurajen fata masu haɗari da ke tilasta a dakatar da ita. Mutumin da tuni kemo ke juya masa ciki, a ƙara masa wannan kullum har sati bakwai, da yawa ba sa iya kaiwa ƙarshe. Ga tsada, ga shi ba maganin da za ka shiga kemis a Daura ko Katsina ka ce a ba ka ba ne. Wanda ma ya ce zai samo maka ta bayan fage, ka guje shi. Allura ce da ake yi ana auna jinin mutum a gaban ma'aikacin jinya, kuma dole likita ya san ko Baba yana shan maganin hawan jini.

Ra'ayina, bayan na ga abin da idona, shi ne kada ka sayar da gona ko tumaki don neman wannan allura. Ka tambayi likitan gashin ko yana ganin ta dace da Baba, wannan haƙƙinka ne. Amma tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: wace irin na'ura za a yi amfani da ita, kuma za a iya kauce wa ƙululun yawu?

Ga dalilina. A gaban kowane kunne, ta ƙasa kaɗan, akwai wata tsoka da ke tatso yawu, ita ce ke kumbura idan yaro ya yi hangum. Ita ce gashi ke lalatawa har baki ya bushe. Na'urorin zamani suna iya lanƙwasa hasken, su harbo shi daga kusurwoyi da yawa, su ƙara ƙarfi a kan ƙarin su rage a kan wannan tsoka. Wani gwaji da aka yi a Ingila, aka buga a 2011, ya nuna cewa bayan shekara ɗaya kashi 74 na waɗanda aka yi wa gashi da tsohuwar hanya suna fama da bushewar baki mai tsanani, amma kashi 38 ne kawai a cikin waɗanda aka yi wa da sabuwar. Babu allura, babu amai. Tun da wannan hanya ta yaɗu, asibitocin ƙasashen da ke da hali suka rage amfani da amifostin. Kauce wa nama ya fi a harbe shi sannan a ce za a kare shi. A Arewa an daɗe ana zuwa Shika ta Zariya, da Sakkwato, da Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja don gashi, kuma a 2025 an ƙaddamar da cibiyar kula da ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Duk inda aka tura ku, ka yi wannan tambaya da ladabi kafin a fara.

Za a yi wa Baba wani abin rufe fuska na roba mai huji-huji kamar rariya. Ana jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, a ɗora a fuska ya ɗauki siffarta, ya huce ya yi tauri, sannan a riƙa maƙale shi a jikin gado a kowane zama. Ranar farko da aka sa wa Kawu, ya fito yana gumi, ya ce mini ji ya yi kamar an sa shi a likkafani da ransa. Na ce masa ya rufe ido ya riƙa salati a zuci, ya ƙirga, kafin ya kai ɗari biyu an gama. Haka ya yi har ƙarshe. Ka shirya zuciyar Baba tun yanzu, ka gaya masa wannan roba ita ce ke hana kansa motsi don kada haske ya sauka a inda ba a nufa ba. Ita ma kariya ce. Kuma idan ya rame har robar ta fara yi masa yawa, ku faɗa, don awon ya canza ke nan.

Yanzu maganar kwalaben bitamin. A nan nake so ka saurare ni da kyau, ɗana. Galibin irin waɗannan ana tallarsu ne da cewa suna share ɓarɓashin nan masu ɓarna daga jiki. To ai ɓarɓashin su ne makamin da gashi ke kashe daji da shi. Amifostin yana da dabarar da ke sa ya fifita lafiyayyen nama. Bitamin ba shi da ita, ko'ina yake shiga. An gwada wannan a Kanada a kan mutum 540 masu ciwon daji na kai da wuya, aka ba rabinsu bitamin E mai yawa, da farko har da sinadarin da ke sa karas ja, a lokacin gashi da bayansa. Sakamakon da ya fara fitowa a 2005 ya nuna an ɗan samu sauƙin illolin gashi, amma ciwon ya fi dawowa a cikin waɗanda suka sha, musamman masu shan taba. Garin neman gira aka rasa ido. Ka mayar wa matar nan da kwalabenta cikin mutunci. Wataƙila da zuciya ɗaya ta kawo, amma kada ƙwaya ɗaya ta shiga bakin Baba sai likitan gashi ya gani da idonsa.

Abinci daban ne. Zogale a miya ko kwaɗo, karas, gwanda, kankana, duk ya ci abin da maƙogwaronsa ya iya karɓa. Abin da nake hanawa shi ne wanda aka tace aka dunƙule a kwalba da ƙarfin da ba a samu a kwano. Haka jiƙe-jiƙe da sassaƙe da 'yan dubiya za su yi ta kawowa. Kemo yana wahalar da ƙoda, kada a ƙara mata kaya. Duk abin da kuke son ba shi, har habbatus sauda da zuma, ku ambata wa likita, ba abin kunya ba ne.

Abin da ya fi taimakon Kawu ba shi da tsada. Kafin a fara gashi, a kai Baba wurin likitan haƙori. Duk haƙorin da ya ruɓe a cire shi tun yanzu, a ba wurin kamar sati biyu ya warke. Bayan gashi ƙashin muƙamuƙi ba ya samun jini kamar da, cire haƙori a lokacin yana iya barin rauni da ƙashi a waje wanda ke ƙin warkewa. Mu ba a gaya mana wannan da wuri ba, kuma Kawu ya sha wuyar wani turmi na ƙasa har tsawon watanni. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Daga sati na biyu zuwa na uku bakin zai fara yin ja, ya yi gyambo, yawu ya yi kauri yana yauƙi. Ku tafasa ruwa lita ɗaya, ya huce, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bakin soda, wanda mata ke sa wa a kek. Ban ce kanwa ba, kanwa za ta ƙona shi. Ya riƙa kurkure baki da wannan sau da yawa a yini, bayan kowane abinci da kafin barci. Burushi mai laushi irin na yara da man goge baki mai fuloraid; asuwaki mai tauri a ɗan ajiye shi har dasashi ya warke. Yaji, barkono, lemon tsami, kunun tsamiya, ƙosai mai zafi, kilishi, goro, duk a dakata. Taba kuwa a bar ta gaba ɗaya, don tana ƙara gyambon kuma tana rage ƙarfin gashin. Kunun gyaɗa mai ɗumi da madara, fura da aka dama da laushi da nonon da bai yi tsami ba, dafaffen ƙwai, romon kaza, tuwo mai ruwa-ruwa da miyar kuɓewa ko kuka don ya zame. Ɗanɗano zai ɗauke, zai ce komai kamar ƙasa yake a bakinsa. Ku lallashe shi ya ci kamar yana shan magani, kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai. Idan zafi ya hana shi haɗiya, ku nemi maganin kashe zafi mai ƙarfi, akwai shi, kuma ba rauni ba ne mutum ya nema.

Kawu ya koma yawo da gorar ruwa a aljihun babbar riga. Da hunturu yakan farka cikin dare harshensa ya manne da ganɗa, sai ya jiƙa baki kafin ya iya kiran sunan matarsa. Shi da ke jan dogayen surori a sallar asuba a masallacin unguwa, sai ya koma gajeru. Daga baya likita ya rubuta masa filokafin, ƙwaya mai miligiram 5 sau uku a rana, wadda ke zaburar da abin da ya rage na ƙululun yawu. Ta sa shi gumi sosai, amma bayan 'yan makonni ya ce ya fara jin danshi. Ba a ba mai asma ko wani nau'in hawan jinin ido ita sai da lura, don haka ita ma ta hannun likita ce.

Fatar wuya za ta yi duhu, ta yi kamar ƙuna. Ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a tsane da tattausan ƙyalle, kada a dirje. Man zafi da turare kada su kusanci wurin. Riga mai sakakken wuya, a kare shi daga rana. Ko man kaɗanya ne, a tambayi ma'aikatan ɗakin gashi tukuna.

Sai abu na ƙarshe, wanda na fi jin tsoro. Wajen sati na huɗu ko na biyar, lokacin da wahala ta kai wahala, 'yan'uwa za su fara cewa a dawo da shi gida ya huta, gashin nan kashe shi zai yi. Kada ka yarda. Ƙwayoyin dajin da suka rage suna ƙara saurin hayayyafa a daidai wannan lokaci, kowace ranar da aka tsallake tana ba su dama. Mu na'ura ta lalace mana a tsakiyar aiki, muka yi kwanaki muna zaman jira, ba yadda muka iya. Wanda ke hannunku kuwa, kamar kuɗin mota da masauki, ku tanade shi tun kafin a fara, a zauna da dangi a raba nauyin. Idan azumi ya riske ku a ciki, ku tambayi malami game da rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya, don jikin da ke shan kemo da gashi yana bukatar ruwa sosai. Kawu ya kammala nasa, ya rayu shekaru bayan haka yana zuwa gonarsa da gorarsa.

Tambaya

Hajiya, maigidana ake yi wa gashi. Surukata ta ce in ware masa kwano da ɗaki, kada jikokinta su matso shi, wai hasken yana fita daga jikinsa. Ina da goyo. Daga 'yar'uwarki a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar wa Inna da nata. Idan gashin na'ura ne daga waje, da zarar an kashe na'urar babu abin da ya saura a jikinsa, kamar yadda ɗaki ba ya riƙe haske bayan an kashe fitila. Ya ɗauki ɗansa, ku ci a kwano ɗaya. Ciwon daji kuma ba a ɗaukarsa. Inda ake yin taka-tsantsan shi ne idan an ba mutum sinadarin aidin mai haske ya sha saboda ciwon ƙululun maƙogwaro, wanda idan ya kumbura ake kira maƙoƙo, ko an dasa masa wani abu a cikin jiki. A nan asibiti da kansu za su faɗi kwanakin da zai nisanci yara da masu ciki. Abu ɗaya da ya shafe ku: ku tambayi likita game da jinkirta ɗaukar wani ciki har a gama magani. Mutumin da ke cikin wannan hali ya fi bukatar a zauna kusa da shi. Allah Ya ba shi lafiya.

Tambaya

Na ga ana yaɗawa a WhatsApp cewa akwai ƙwayar aidin da ke kare mutum daga kowane irin tururin nukiliya. Za a ɗauke ni hoton ƙirji, in nema in sha? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa

A'a, ƙanena, kada ka sha. Ƙwayar da ake nufi, fotasiyam ayodaid, aiki ɗaya take yi. Idan tashar nukiliya ta fashe, kamar yadda ta faru a Chanobil a 1986, aidin mai guba yana bin iska da madara ya taru a ƙululun maƙogwaro. Idan an riga an cika ƙululun da aidin mai kyau, sai mai gubar ya rasa wurin zama ya fita ta fitsari. Ƙasar Folan ta ba miliyoyin yara shi a wancan lokaci saboda wannan. Ba ya kare sauran jiki, ba ya tare hasken na'urar hoto, kuma shansa ba dalili yana iya rikita ƙululun da kansa. Kowace irin guba da nata maganin: a garin Goyaniya na Birazil a 1987, da mutane suka fasa wata tsohuwar na'urar gashi da aka yasar, wani shuɗin sinadari aka ba su don ya fitar da siziyam, gubar da ke cikin na'urar, daga hanjinsu. Hoton ƙirji ɗaya kuwa, hasken da ke cikinsa bai wuce wanda jikinka ke samu daga ƙasa da sararin sama a cikin kamar kwana goma ba. Je ka a ɗauka. Mace mai ciki ko mai zaton tana da shi ce kawai za ta sanar da mai ɗaukar hoton kafin ta tsaya gaban na'ura.